Wai da gaske ƙashin mutum yana narkewa ya ɓace? Fashin baƙi kan cutar Gorham da aikin hoton asibiti

Wai da gaske ne ƙashin mutum yana iya narkewa ya ɓace alhali yana raye yana yawonshi, ko dai aikin mayu ne? Wagga tambaya ita ke tashi duk sanda wani ya ɗora hoton eksire a guruf ɗin WhatsApp na unguwa ko a Facebook ana neman taimako, ka ga kafaɗa ko hannu, ƙashi ya taho fari tas sai kawai ya yanke, wurin da ya kamata ya ci gaba ya koma baƙi wuluk kamar an sa tsumma an goge allo. Kafin ka ankara kwament ya cika, wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce kambun baka, wani ya ce ai gubar dalma ce irin ta ƙauyen Bagega na Anka, can ƙasa kuma wani ya liƙa lambar wayar mai magani.

Ni a ɗakin hoto nake aiki nan Zamfara, aikina kenan tsayar da mutane gaban inji ina cewa ja numfashi, riƙe, saki. Toh amsar ita ce eh, akwai cutar da ke cinye ƙashi har ya ɓace, sunanta cutar Gorham, wasu su ce Gorham-Stout. Amma fa tana da wuyar samu ƙwarai, waɗanda anka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya baki ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, ana maganar wajen 300 da wani abu. Kuma abin da na fi so jama'a su riƙe shi ne hoto guda ɗaya ba ya isa a ce ita ce, ko da wane ƙwararre ne ya duba shi.

Mi ake nufi da narkewar ƙashi?

Yawancinmu mun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar itace, da ya gama girma shikenan. Ba haka ba ne, ƙashi rayayye ne, jini na shiga yana fita, kuma kullum cikin gyara yake. Ka ɗauki gidan ƙasa, damina ta zo ta zaizaye katanga, kaka ta yi magini ya zo ya kankare inda ya ruɓe ya sake yaɓe. Haka jiki yake yi da ƙasusuwa 206 da babban mutum ke da su, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aikin rusau, suna kankare tsohon ƙashi, akwai wasu magina da ke bin bayansu suna cike gurbin, har ta kai cikin wajen shekara 10 kusan duk ƙashin jikinka an sabunta shi. Wato narkewar ƙashi ita kanta ba ciwo ba ce, yanzu haka tana faruwa a jikina da naka. Ciwo yana zuwa ne in masu rusau sunka yi gaba magina ba su biyo ba.

A tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, rusau kan ɗan rinjayi gini a duk jiki, ƙashi ya yi shakaf ya riƙa saurin karyewa, wannan sananne ne kuma daban yake. A cutar Gorham abin wuri guda yake kamawa, kafaɗa ko haƙarƙari ko ƙugu ko muƙamuƙi ko ƙashin baya ko ƙoƙon kai, ya yi ta ci ba tare da an mayar da ko kaɗan ba, kuma gaɓa ba ta tare shi, yana iya gama da ƙashin damtse ya tsallaka allon kafaɗa ya gangara haƙarƙari. Ta fi kama yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 40, maza da mata duka.

Daga ina sunan ya fito, kuma mi ke kawo ta?

Tun 1838 wani likita mai suna Jackson a birnin Boston na Amurka ya rubuta labarin wani saurayi da ƙashin damtsenshi ya karye, ya ƙi ɗoruwa, a hankali cikin shekaru ya ɓace ɗungurungum. Ka lura lokacin ko eksire babu, sai a 1895 Röntgen ya gano shi a Jamus. A 1955 ne wasu likitoci biyu na Amurka, Gorham da Stout, sunka tattara bayanin mutum 24 masu irin wanga ciwo sunka nuna cewa abu ɗaya ke faruwa da su duka, shi ya sa cutar ta ɗauki sunansu.

Abin da sunka gani shi ne wasu siraran jijiyoyi masu yawan gaske sun tsiro cikin ƙashin. Bayan jijiyoyin jini, jiki na da wasu magudanai da ke kwashe ruwan da ya tsatso daga jini su mayar da shi, ana ce ma ruwan limf, kuma duk wanda ya taɓa yin kaluluwa a hammata ko matsematsi saboda miki ya san tashoshinsu, don su ne ke kumbura. Toh su waɗanga magudanai ne ke yaɗo a cikin ƙashi kamar saiwar bishiya ta shiga ƙarƙashin gini, suna zuga masu rusau, bango ya yi ta zubewa, ƙarshe wurin ya cike da wani farin nama mai kama da tabo. A 'yan shekarun nan masu bincike sun samu sauyi a wata ƙwayar gado mai suna KRAS a naman wurin ciwon wasu marasa lafiyar, amma sauyin a wurin kaɗai yake, ba a duk jiki ba. Shi ya sa ba a gadonta, ba a ɗaukarta wurin wani, kuma ba ciwon daji ba ce tunda ba ta tashi daga kafaɗa ta bi jini ta ɓulla a hanta. Don Allah a riƙe wannan, kar a raba ma yaro kwano, kar kuma dangin miji su ce daga gidan su uwar ta zo.

Sau da yawa faɗuwa ce ke tona ta. Yaro ya faɗo daga kan jaki ko ya yi tuntuɓe wurin ƙwallo, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, sai ga karaya. Sai a ɗora laifin kan faɗuwar alhali ƙashin ya daɗe da zama holoƙo.

Abin da eksire ke gani, da abin da ke kuɓuce mishi

Eksire inuwa ce kawai. Haske ke ratsa jiki, abu mai tauri irin ƙashi ya tare shi ya fito fari, iska ta bar shi ya wuce ta fito baƙi, nama kuma toka-toka. Matsalar ita ce sai ƙashi ya rasa kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na sinadarin da ke taurara shi kafin ido ya gane a fim ɗin hoton. Ma'ana mutum na iya zuwa da ciwon kafaɗa na wata uku, a ɗauka, a ce ba komai, kuma ba ƙarya anka yi mishi ba, injin ne bai kai ga gani ba tukuna. Wallahi wanga wuri ne ake yawan zagin ma'aikata a kai, kuma daga nan ne mutane ke yanke ƙauna da asibiti su koma gida.

In cutar Gorham ce, fim ɗin farko zai nuna 'yan ɗigo-ɗigon baƙi a cikin ɓargo da ƙarƙashin bangon ƙashi, kamar gara ta fara shiga azara, kuma a wannan matakin ba mai iya rantsuwa ga ko mi ne. Bayan watanni ɗigon ya haɗe ya zama rami. Sai dogon ƙashi ya fara tsukewa ta kowane gefe yana sirancewa har bakinshi ya yi tsini, likitocin hoto na kamanta shi da wutsiyar kusu ko alawar da yaro ya tsotse. Daga nan bango ya fashe, abin ya shiga naman da ke kewaye, daga ƙarshe ƙashin ya ɓace.

Amma babbar shaida a nan ita ce abin da BABU a hoton. Jiki in an taɓa ƙashinshi yana ramawa. In karaya ce, cikin 'yan makonni za ka ga wani farin gajimare ya fara zagaye bakin karayar, sabon ƙashi kenan. In ƙwayar cuta ce za ka ga jiki ya gina katanga fara ya kewaye wurin. A Gorham shiru kake ji, ba gajimare ba katanga ba sabon gini ko kaɗan, magina kamar sun yi yaji. Karaya ta yi wata shida, bakunan biyu maimakon su matso su haɗe sai ƙara nisa suke suna sirancewa. Wannan kuwa ba ya ganuwa sai an jera fim na watan Janairu kusa da na Yuni kusa da na Disamba a kan allon haske an kwatanta.

CT, MRI da sauran su

Mutane na yawan tambayata, malam tunda an yi eksire mi ya sa kuma za a tura mu CT, ba cin kuɗɗi ba ne? CT shi ma hasken eksire ne, sai dai yana zagaya jiki yana ɗauka fala-fala kamar ana yanka burodi, kwamfuta ta haɗa, har ta iya fito da siffar ƙashin a juya shi ta kowane gefe. Shi ke nuna daidai inda bango ya cinye da inda ya rage, musamman a wuraren da ƙasusuwa ke hawa kan juna a eksire irin ƙoƙon kai da ƙugu da ƙashin baya, kuma da shi likita ke saita allura in za a ɗebo nama.

MRI kuma ba ruwanshi da wancan hasken, maganaɗisu ne mai ƙarfi, kuma gwaninta tashi ita ce ruwa da nama da ɓargo. Tunda magudanan nan cike suke da ruwa, a wani salon ɗauka sai wurin ya yi haske fau, in an yi allurar da ke ƙara fito da hoto kuma a ga ko ciwon yana kan ganiyarshi ko ya lafa ya koma tabo. Shi ke nuna iyakar inda abin ya kai a cikin tsoka, da kuma ko ya kusa taɓa laka. Akwai ma wani nau'in da ake zuba maganin cikin kaluluwar matsematsi a bi hanyar ruwan har ƙirji a ga inda yake yoyo, wannan sai manyan cibiyoyi. Wani abu da ya shafe mu nan musamman: duk wanda ke da harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki, kuma Allah Ya sani halin da muke ciki ya sa suna da yawa a ƙauyukanmu, ya faɗa tun kafin a shiga da shi ɗakin MRI, maganaɗisun na iya motsa ƙarfen.

Akwai kuma hoton da ake allurar wani sinadari mai ɗan haske ya bi jini ya zauna a ƙashi, amfaninshi a duba duk jiki ko akwai wani wurin, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Duk da haka hoto bai rufe magana. Dole a ɗebo ɗan yanki na wurin a kai lab a duba da madubin likita, a ga siraran magudanan nan, a tabbatar ba ƙwayoyin daji, akwai ma wani rini mai suna D2-40 da ke kama bangon magudanan limf ya bambanta su da na jini. Wani sa'in sai an maimaita ɗiban don allurar farko ruwa da jini kawai take fitowa da su. Gwajin jini kuma yawanci lafiya lau yake fitowa, wanda shi kanshi shaida ne. A 1983 wani mai bincike, Heffez, da abokan aikinshi sunka jera sharuɗɗa 8 na tabbatar da cutar, in ka duba za ka ga kusan rabinsu kore wasu abubuwa ne, ba daji, ba ƙwayar cuta, ba gado, ba matsalar sinadaran jiki.

Masu shigar burtu da kamanninta a ƙasarmu

Nan ne zuciyar maganar take gare mu mutanen Zamfara da Kebbi. In ka ga ƙashi ya cinye a hoto a Gusau ko Argungu ko Yauri, abin da ya fi kusa shi ne ɗaya daga cikin cututtukan da muke kwana muke tashi da su, kuma galibinsu suna da magani.

Tarin fuka na farko. Mutane sun san shi a huhu, ba su san yana cin ƙashin baya ba, ya cinye ƙashi biyu maƙwabta da faifan da ke tsakaninsu, ya tara mugunya a gefe, bayan ya karye ya yi ƙusumbi, wani har ƙafafu su mutu. Maganinshi kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, na ƙashi shekara guda ake sha. Sai ciwon ƙashi mai ruwa, wanda ke biyo bayan karayar da ta fasa fata ko miki da anka bari, kuma yana yawan kama masu sikila, shi za ka ga ƙofa a fata tana zubar da mugunya, a hoto kuma ga mataccen guntun ƙashi fari fat a tsakiya sabon ƙashi ya naɗe shi. Sikila ita kanta tana kashe kan ƙashin cinya ya lotse. Dajin ƙashi yana zuwa da kumburi mai girma da sauri, a hoto ka ga tsirin ƙashi kamar hasken rana. Dattijo mai ciwon baya da ƙarancin jini, in an ga ramuka zagayayyu a ƙoƙon kanshi kamar an huda da ƙusa, dajin ɓargo ake fara tunani. Kuturta na cinye kan yatsu amma tare da mutuwar jin taɓi. Akwai kuma wani ƙullutu a wuya da ke sa jiki ya riƙa kwashe sinadarin kalsiyam daga ƙashi, shi gwajin jini ke kama shi.

A muƙamuƙi ma haka. Gorham na sa haƙora su yi girgiɗi, a hoto ka gan su kamar suna shawagi ba abin da ya riƙe su, fuska ta lotsa ta gefe guda a hankali ba wari ba miki. Dajin Burkitt na yara kumbura fuska yake cikin makonni. Cutar noma mai cin fuska kuma, wadda akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato, daga dasashi take farawa ta ci kunci ta fasa waje cikin kwanaki, da wari, kuma ta fi kama yaran da ke fama da tamowa.

Batun dalma kuwa, na san dalilin da ya sa hankalinmu ke zuwa can, abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda yara sama da 400 sunka rasu ba abin mantawa ba ne. Amma dalma ba ta ɓatar da ƙashi. A eksiren yaro ma akasin haka take nunawa, wani layi fari mai kauri a bakin dogayen ƙasusuwa wajen gwiwa da wuyan hannu, ɓarnarta a ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda take.

Inda ake ja-in-ja

Na farko tsakanin ɗori da asibiti. Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori, kakannina wurinsu sunka je, kuma karaya mai sauƙi da yawa tana warkewa a hannunsu. Amma mai ɗori da hannu yake gani, hannu kuwa ba ya jin abin da ke cikin ɓargo. Karayar da ta zo ba tare da wani bugun kirki ba, ko wadda anka ɗaure wata biyu uku ba ta kama ba, sake ɗaure ta da karare da ja da murɗa ƙara ɓarna ne. Na sha ganin wanda sai bayan ɗori na uku ake kawo shi, kuma in ka tambaya ba a taɓa ɗaukar hoto ko sau ɗaya ba. Mai ɗorin da ya ce ku je ku yo hoto ku dawo, wallahi ya cika masanin sana'arshi. Addu'a da rubutu kuma ba wanda ya hana, a haɗa da hoton.

Na biyu tsakanin likitoci ne su kansu. Cutar wani lokaci tana tsayawa da kanta bayan shekaru, duk da ƙashin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba, toh wasu na ganin in wurin ba mai haɗari ba ne a sa ido da hoto lokaci lokaci, wasu na ganin a fara magani da wuri. Magungunan da ake amfani da su akwai masu rage ƙarfin masu rusau irin zoledronate, akwai intaferon, akwai sirolimus da ke hana magudanan yaɗo wanda yanzu ake yawan komawa gare shi, akwai gashi da haske irin na masu daji, akwai tiyata a yanke wurin a sa ƙarfe. Dashen ƙashi kuma in an yi shi ciwon na kan ci, sabon ma narkewa yake. Saboda ƙarancin masu cutar ba a samu yin irin babban gwajin da zai ce wanga magani ya fi wancan ba, kowane mara lafiya da yadda ake bi da shi.

Inda ba a jayayya shi ne in ta kama haƙarƙari ko allon kafaɗa ko ƙashin baya na ƙirji. Babbar hanyar limf da ke ɗauko maiƙon abinci daga hanji ta nan take bi, in ta fara yoyo sai wani ruwa fari kamar madara ya taru ya danne huhu, mutum ya riƙa haki yana ramewa. Wannan shi ya fi kashe masu cutar, shi da taɓuwar laka a wuya. Ruwan ƙirji na tarin fuka yawanci ruwan ɗorawa ne, toh in an zuƙo anka ga fari kamar nono ga kuma haƙarƙari ya ɓace a hoto, ba a jira.

Masu tsoron hasken hoto kuma suna da gaskiyarsu daidai gwargwado. Eksiren ƙirji guda bai wuce hasken da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10 ba, amma CT na ƙirji ya kai na kusan shekara 2, shi ya sa ga yara ake fifita MRI wurin bibiya in da hali, kuma mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a ɗauka.

Talaka fa?

Eksire ana samu a manyan asibitocin gwamnati da na kuɗi, amma in magana ta kai MRI da duban nama da likitan ƙashi sai an dangana da asibitin tarayya na Gusau ko na Birnin Kebbi, sau da yawa daga can a wuce asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, ga kuɗɗin mota ga na kwana ga fargabar hanya, manomi sai ya sayar da buhunan gero ko ɗan bijiminshi kafin ya kai, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutum ya sha duk wagga wahala ya isa gaban likita, a ce Baba ina hoton da anka yi bara, ya ce ai ya yi ta yawo a ɗaki yara sunka yi wasa da shi, ko ruwa ya jiƙa shi, ko an bar shi wurin mai magani. Wancan tsohon fim ɗin da shi za a auna saurin cin ƙashin, in babu shi sai a ɗauki sabo a ce ku koma ku dawo bayan wata uku ko shida, ƙashi kuma yana can yana tafiya.

Saboda haka ko wane hoto anka yi maka, karɓi fim ɗinka da takardar bayanin da likitan hoto ya rubuta. Bar shi cikin ambulan ɗinshi, kar a naɗe kar a lanƙwasa, kar a bar shi a rana ko inda danshi yake, a shimfiɗe shi cikin akwati. In CT ne ko MRI roƙi a sa maka a faifan CD, don fim ɗin da ake bugawa kaɗan ne daga cikin ɗaruruwan hotunan da injin ya ɗauka. Sannan ka sa wani yaro mai waya ya ɗaga fim ɗin saitin farin haske ya ɗauka, ya tabbatar suna da kwanan watan da ke kusurwa sun fito, ya tura ma wani ɗan uwa guda ya ajiye ko da wayar ta ɓace.